Ramen a Liyon, Babu Mai Cewa Na Ƙoshi

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ina ɗan jin haushinsa. Mutanen kirki idan suna ƙasar waje mafarkin gida suke yi. Nawa ko tasha bai kai ni ba. Daga kan gado ya ɗauko ni ya dire ni a ƙofar gidan da nake haya a Liyon, birnin Faransa da na yi wata goma sha huɗu a cikinsa ina koyon gyaran injinan asibiti. A mafarkin rana tsaka ce, ina sanye da rigar aiki, ga yunwa tana cina.

A aljihuna akwai takardar da Tiyeri ya ba ni. Tiyeri abokin aikina ne, Bafaranshe, kuma takardar ta gaske ce, ranar Juma'a ya rubuta min ita ido biyu. Sunayen shaguna uku ne na ramen, taliyar nan ta Japanawa da ake zubawa cikin romo mai zafi. Da zai miƙo min sai ya ce, "Lawali, wannan abincin kamar don kai aka yi shi. Mutum ɗaya, kwano ɗaya, ba ruwanka da kowa." Shi a ganinsa taimakona ya yi.

Bari in faɗi abin da ya jawo haka. A gidanmu a Damagaram ba a buɗe kwano a gaban mutum sai an yi masa tayi, ko baƙo ne, ko mai wucewa. Ka ce masa bismillah, shi kuma ya san amsarsa: Alhamdulillahi, na ƙoshi, a ci lafiya. Sau da yawa ba mai sa hannu, ba kuma wanda ya yi tsammanin za a sa. Satina na farko a nan, a ɗakin cin abinci na wurin aiki, na tura farantina gaban Tiyeri na yi masa tayi. Ya leƙa farantin, ya shinshina, ya tambaye ni ko abincin ya lalace ne a kira mai dafawa. Daga ranar na daina tayi. Daga ranar kuma duk abin da na sa a baki ɗanɗanon kwali yake yi min, har yajin da na taho da shi daga gida.

To, a mafarkin kowa a titi yana ɗauke da ƙofar gidansa. Wasu a hammata, wasu a ka, wata mata ta ɗora tata a keken jarirai tana turawa. Idan kana son magana da mutum sai ya tsaya ya kafa ƙofar tsakaninku, kai kuma ka ƙwanƙwasa. Na ƙwanƙwasa ta wani mai dogon kwat don in tambayi hanya.

"Ba na nan," in ji shi daga baya.

"Ga ƙafafunka nan ina gani."

"Su suna nan. Ni ne ba na nan."

Na ba shi haƙuri na wuce. Koguna biyun da suka ratsa garin suna tafasa a hankali, yankakkiyar albasa tana yawo a kai. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, duk titin ni kaɗai ne ba ni da ƙofa, ina tafe hannu rabbana.

Sai ga ni zaune a benci cikin wani ofishi. A bango an rubuta Ofishin Kayan da Aka Tsare. Wata jar akuya ce a bayan tebur, da tabarau, tana tuƙa. Ta daɗe tana tauna a gabana ko tayi babu. Abin ya sosa min rai, don ko a cikin awaki wannan ba ta samu tarbiyya ba.

"Lawali Mamman Nuri," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba. "Ɗanɗanonka yana wajenmu. Tun ranar da ka sauka aka tsare shi."

"Laifin me ya yi, Hajiya?" Ban san yadda ake kiran akuya mai muƙami ba, sai na zaɓi sunan da ba zai jawo min matsala ba.

"An yi masa rajista a matsayin kayan mutum biyu. Kai kuma kai kaɗai ka shigo."

Ta jawo aljihun tebur ta fito da wata ƙaramar kwalba. Wani abu ja-ja yana juyawa a ciki. Ina gani na gane nawa ne, kamar yadda mutum ke gane takalminsa a ƙofar masallaci.

"Yau ce ranar ƙarshe," ta ce. "Ka samo kwanon ramen mai kyau, ka yi tayi, wani ya amsa maka kafin tururin ya ɗauke. Idan an amsa, kwalbar za ta buɗe da kanta. Idan ba a amsa ba, da la'asar mu juye shi a kogi."

"Ke ba za ki amsa min ba, Hajiya?"

"Ni ma'aikaciya ce. Kuma ban taɓa ƙoshi ba."

Ta karɓi takardar Tiyeri ta gatsa kusurwarta, ta ce hatimi ke nan, in tafi.

Shago na farko yana da layi har bakin kogi, kowa da ƙofarsa a gabansa. Na shiga layin, sai na lura baya yake tafiya, duk daɗewarka ƙara nisa kake. Na juya wa shagon baya na tsaya, nan take na tsinci kaina a ciki. Wata mata mai ɗaurin kai ta nuna min kujera. Na tambaye ta romon na mene ne, don ni ba komai nake ci ba.

"Ga shi nan, tambaye shi," ta ce, ta nuna wata babbar tukunya.

Na matsa na leƙa. Romon fari ne tas, yana ɓararraka.

"Sannu, Malam," in ji shi. "Ba zan ɓoye maka ba, ni na ƙashin alade ne, tun jiya nake kan wuta. Ni ba rabonka ba ne. Ka gangara unguwar masaƙa, akwai ƙanena na kaza, yankan Musulmi ne."

Na yi masa godiya, amma na kasa tafiya. Wata goma sha huɗu ba wanda ya kira ni Malam sai tukunya.

"Ya gida?" na tambaye shi.

"Lafiya lau. Muna dai tafasa."

"Ya aiki?"

"Shi ne dai tafasar."

Na nemi wata tambayar na rasa. Matar ta rufe tukunyar da murfi, na fita.

A Liyon akwai ƙofofin da kake shiga ta cikin gidan mutane ka ɓulla a wani titin, wannan ko a farke haka yake. A mafarkin na shiga ɗaya ranar Lahadi na ɓulla ranar Talata. Na tuna akuya ta ce yau ce ranar ƙarshe, na koma da sauri na sake fitowa, sai ga Lahadi tana nan inda na bar ta, ga shago na biyu a gabana.

Shi wannan an raba shi da katako, kowace kujera da ɗan akurkinta kamar rumfar jefa ƙuri'a. A gabanka labule ne. Hannaye biyu suka fito daga labulen suka ajiye min kwano. Na gaishe da mai hannayen, sai hannun dama ya ɗauko allo ya rubuta cewa mai su yana hutu, hannayen ne kawai a bakin aiki.

Romon na kaza ne, yana tururi. Dama da hagu ina jin mutane suna zuƙar taliya, kowa a akurkinsa. Na ƙwanƙwasa katakon hagu na ce, "Bismillah." Zuƙar ta ci gaba. Na ƙwanƙwasa na dama na sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Can sai hannayen suka turo min ambulan ta ƙarƙashin labule. Na buɗe, sai ga bismillata a ciki an ninke ta gida huɗu, an buga mata tambari: ba a samu mai karɓa ba. Har lokacin da ɗuminta. Kunya ta kama ni, na yi maza na cusa ta a aljihu kada wani ya gani, alhali ba mai gani.

Kafin in ɗago tururin ya ɗauke. Hannayen suka janye kwanon, suka bar min silin taliya ɗaya a kan tebur. Na kama shi na ja, sai na ga ba shi da ƙarshe. Ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita titi, ya haura tudu, kuma wani yana jansa daga can. Na bi shi.

Hanyar tudun matakala ce zalla. Kowace na taka sai ta ce, "Kai kaɗai?" Haka ake tambayata a kowane gidan abinci a garin nan, don haka na saba. Na amsa wa ɗari na farko, sauran na ƙyale su suna tambaya.

A saman tudun ga shago na uku, ɗan ƙarami, kujeru huɗu, ba katako, ba labule, ba kowa. Wani tsohon Bajapane ne a bayan tukunya, ya ɗaure goshi da farin ƙyalle, yana naɗe silin taliyar a hannu. Sunansa Noboru, ban san yadda na sani ba. Hausa ya yi min, irin ta Damagaram, da muryar kawuna.

"Ashe kai ne a ƙarshenta," ya ce. "Tun safe nake ja, na ɗauka kifi ne. Zauna, ɗana."

Na zauna ina kallonsa. Ya ɗumama kwanon da ruwan zafi tukuna ya zubar. Ya zuba romon kaza da ya dahu har ya yi kauri, ya yarfe taliyar sau uku ya kwantar da ita a ciki. Ya jera nama yanka uku, rabin ƙwai mai gwaiduwa ruwa-ruwa, lawashin albasa, da wani baƙin ganyen teku a tsaye a gefe. Ya ɗiga man riɗi. Hancina bai ji komai ba, amma ko makaho ya ji yadda ya ajiye kwanon ya san an zo wurin. Tururi ya miƙe har rufi.

"Ramen mai kyau ba ya jiran kowa," ya ce. "Minti bakwai ne ransa."

Na tura kwanon gabansa da hannu biyu. "Baba, bismillah."

Ya sunkuyar da kai, ya girgiza shi. "Mai dafawa ba ya ciki, ɗana. Tun asuba nake ɗanɗanawa. Idan na ce na ƙoshi, gaskiya na faɗa. Amsar da kake nema sai mai jin yunwa ya faɗe ta."

Haka ne kuwa. Duk wanda ya taɓa ce min na ƙoshi a gida, na san da wuya in ya ƙoshi ɗin.

"Mu ma muna da kalmar da muke faɗa kafin mu ci," ya ƙara. "Amma tamu ba ta jiran amsa."

"Wa kuke faɗa wa?"

"Kazar. Da wanda ya noma alkamar."

"Suna ji?"

"Ban taɓa tambaya ba."

"To kai, Baba, da wa kake ci?"

"A tsaye nake ci, ina fuskantar tukunya. Bana shekara talatin." Ya nuna min ƙofa da ludayi. "Saura minti shida."

Na ɗauki kwanon na fita. Hannayena biyu suna riƙe da shi, don haka da ƙafa nake ƙwanƙwasa ƙofofin mutane. Na farko ya ce ba ya nan. Na biyu ya ce in rubuto. Wata mata ta buɗe tata kaɗan, ta leƙo da ido ɗaya, ta ce ita ba ta aika a kawo mata komai ba. Na ce ba kawo miki na yi ba, ƙi kawai za ki yi. Ta ce to ai ta ƙi, ta rufe. Na tsaya na duba, tururin yana nan yana raguwa, ba abin da ya buɗe. Ashe ƙin ma iyawa ne.

Sai ga ni a bakin kogi. A ɗaya gaɓar babu gidajen Liyon. Ƙofar gidanmu ce ta Damagaram, da darbejiyarta, da tabarma a ƙarƙashi. Yaya Sallau ne zaune a kai, wana, wanda muka tashi muna cin kwano ɗaya da shi, mai turo min nama gefena yana yin kamar bai gani ba. Ga kwanon tuwo a gabansa. Ya ci rabinsa daidai, ya bar ɗaya rabin a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Ko daga nesa na san rabin wane ne.

Na kira shi, bai ji ba. A wannan kogin murya ba ta haye ruwa da kanta, sai an sa ta a kwale-kwale. Na ajiye kwanon a ƙasa, na ciro bismillata daga aljihu, na warware ta, na shimfiɗa ta a wani ɗan kwale-kwale da ke ɗaure a wurin, na tura. Ya tafi yana ture albasa. Na ga ya isa. Na ga Yaya Sallau ya ɗago kai, ya hango ni, ya yi murmushi, ya goge hannunsa a gefen tabarma. Bakinsa ya motsa.

Amsar ta fito daga bakinsa ta sauka ƙasa da ƙafafunta. Tsayinta bai wuce buta ba, ta sa farar riga da jar hula, wai ita za ta ƙasar waje. Ta ƙi shiga kwale-kwale kada ta jiƙe, ta hau gada a ƙafa. Na ɗauki kwanon na riƙe, ina kallonta tana tahowa. Tururin ya dawo tsawon hannu.

A tsakiyar gadar akwai tebur. A bayan teburin ga akuyar nan.

"Takardu," in ji ta.

Amsar ta lalube aljihunta na dama, ta lalube na hagu.

"Dalilin zuwa?"

Ita kuwa baiwar Allah abu ɗaya ta iya faɗa a duniya. Ta cire hula ta ce wa akuyar, "Alhamdulillahi, na ƙoshi, a ci lafiya."

"Na gode," in ji akuyar, ta ci gaba da tuƙarta.

Shi ke nan, an faɗe ta ta ƙare. Rigar da hular suka zube a kan gada, iska ta kwashe. A ɗaya gaɓar Yaya Sallau ya jira, ya jira, sannan ya rufe kwanon da faifai. Wani ya zo ya naɗe gaɓar gaba ɗaya, da darbejiyar da shi, ya saɓa a kafaɗa ya tafi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba. Na so in zagi akuyar, amma zagin ma sai na nemo masa kwale-kwale.

Na zauna a wani benci da kwanon a cinyata. Taliyar ta fara kumbura. Tururin ya koma zare ɗaya siriri. A kan gada akuyar ta duba agogo, ta ɗauki kwalbata a baki ta nufi bakin ƙarfen da ke kallon ruwa, ba ta ko sauri.

Sai na ji ƙara kusa da ni, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Wani tsoho ne a ɗaya ƙarshen bencin. Ya kwantar da ƙofarsa a kan gwiwoyinsa ya mai da ita tebur, yana cin wani abu a kwano da cokali. Na gane shi. Musyu Arman ne, wato Malam Arman a bakin Faransawa, maƙwabcina, wanda bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Wata goma sha huɗu muna haɗuwa a matakala, ya kaɗa kai in kaɗa kai.

Ƙofarsa a kwance take, ba abin ƙwanƙwasawa, sai na rasa ta inda ake farawa. Na buɗe baki in yi masa tayi, babu komai a ciki, bismillar ta tafi a kwale-kwale. Shi ma ya juyo ya dube ni. Ya dubi kwanonsa. Ya ɗan ɗago cokalin ya karkato shi wajena, leɓunansa suna motsi, yana laluben wata kalma da babu ita a bakinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya mai da cokalin cikin kwano, ƙwas, ƙwas, ƙarar tana ƙaruwa har ta cika kogin.

Na buɗe ido. Ƙarfe bakwai na safe, haske ya shigo ta labule. Takardar Tiyeri tana kan kujera, kusurwoyinta huɗu cif. Bakina na nan yadda yake, kwali.

Ƙarar kuwa ba ta tsaya ba. Daga bango take fitowa, daidai saitin kaina. Musyu Arman ne yake karin kumallo, cokalinsa yana bugun kwano. Kullum a wannan lokacin nake jinta, kullum kuma matashi nake dannawa a kunne ina tsaki. Yau na kwanta na saurara da kyau, ko zan ji cokali na biyu. Ɗaya ne.

Na matsa na kai bakina kusa da bangon. Muryata ta fito a dishe, don tun Juma'a ban yi magana da kowa ba.

"Alhamdulillahi," na ce. "Na ƙoshi, Baba. A ci lafiya."

Cokalin ya tsaya. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya ci gaba, a hankali.